Martinus Beijerinck: Masanin da ya raɗa wa ƙwayoyin teku masu haske suna, ya kuma gano sirrin saiwar wake

Ranar 1 ga watan Janairun 1931, wani dattijo ɗan shekara 79 ya rasu a ƙauyen Gorssel da ke gabashin ƙasar Holand. Bai bar mata ba, bai bar ɗa ba, kuma bai taɓa samun kyautar Nobel ba. Sunansa Martinus Willem Beijerinck, ana furta shi Bayarink. Duk da haka, har yau idan masana suka rubuta cikakken sunan wasu ƙwayoyin bakteriya na teku, sai sun liƙa sunansa a gefe, domin shi ne ya fara rarrabe su, ya kuma raɗa musu suna.

Mai karatu a Madarumfa ko Maraɗi na iya tambayar abin da ya haɗa shi da teku, tun da Nijar ba ta da gaɓa, kuma tsakaninmu da ruwan gishiri akwai ɗaruruwan kilomita. Amsar tana cikin aikin mutumin. Dabarar da ya bi ya kamo ƙwayar da ke sa mataccen kifin teku haske cikin duhu, da irinta ya kamo wadda ke zaune a saiwar wake tana ƙara wa gona ƙarfi, da wadda ke sa laka warin ruɓaɓɓen ƙwai. Kuma ƙwayoyin tekun da ya yi nazari a kansu gidansu ɗaya da ƙwayar cutar amai da zawo, wadda mutanen gundumar Madarumfa suka sani farin sani.

Ɗan mai sayar da taba

An haifi Beijerinck a birnin Amsterdam ranar 16 ga watan Maris na 1851, shi ne auta cikin ƴaƴa huɗu. Mahaifinsa, Derk Beijerinck, ɗan kasuwar taba ne, amma jarinsa ya karye tun yaron yana ƙarami. Iyalin suka bar Amsterdam, daga baya suka zauna a Haarlem, inda uban ya samu aikin akawu a kamfanin jirgin ƙasa. Rashin kuɗi ya sa a gida mahaifin ya riƙa koya masa karatu, sai da ya kai wajen shekara 12 kafin ya shiga aji.

A Haarlem ya haɗu da wani masanin tsirrai, Frederik Willem van Eeden, wanda ya riƙa fita da shi daji suna tara ganyaye da furanni suna bambance su. Nan ya koyi ɗabi'ar da ta bi shi har tsufa, wato duba abu da kyau kafin a faɗi ko mene ne.

A 1869, da taimakon wani ɗan uwa, ya shiga makarantar fasaha ta Delft ya karanci ilimin sinadarai. Abokinsa na kusa a can shi ne Jacobus van 't Hoff, wanda daga baya, a 1901, ya zama mutum na farko da ya samu kyautar Nobel a fannin sinadarai. Da ya gama a 1872, Beijerinck ya wuce jami'ar Leiden ya koma ga tsirrai, ya samu digirin dakta a 1877. Bincikensa ya shafi ƙullutan da ke fitowa a ganye da reshe idan wani ƙwaro ya saka ƙwai a ciki. Ya koyar a makarantar aikin gona ta Wageningen daga 1876 zuwa 1885.

Daga aji zuwa masana'anta

A 1885 Jacques van Marken, mai wata masana'antar yis da alkol a Delft, ya ɗauke shi aiki ya gina masa ɗakin bincike. Abin da ake so daga gare shi shi ne ya kula da ƙwayoyin da ke ɓata yis. Sai dai an bar masa sarari ya bi duk abin da ya ja hankalinsa, shi kuwa bai yi wasa da wannan dama ba.

Delft gari ne mai tarihi a wannan fanni. A nan ne Antonie van Leeuwenhoek, wani mai sayar da tufafi, ya fara ganin bakteriya a 1676 da madubin ƙara girma da ya haɗa da hannunsa. Bayan shekaru ɗari biyu, a zamanin Beijerinck, hankalin duniya ya karkata ga Louis Pasteur a Faransa da Robert Koch a Jamus, da farautar ƙwayoyin da ke kawo cuta. Jama'a suka ɗauka cewa ƙwaya da cuta abu ɗaya ne. Beijerinck ya bi wata hanya dabam. Ya mai da hankali ga ƙwayoyin da ke cikin ƙasa, da ruwa, da laka, da madara, waɗanda mafi yawansu ba su cutar da kowa. Tambayarsa a kullum ita ce: me wannan ƙwaya take ci, kuma wane aiki take yi a inda take?

Hasken da ke jikin kifi

Masuntan Turai sun daɗe da sanin cewa kifin teku da ya kwana ɗaya ko biyu a wuri mai sanyi yakan riƙa ba da wani haske mai shuɗi-shuɗi da kore a cikin duhu. Kafin Beijerinck, masana sun riga sun gane cewa bakteriya ce ke yin wannan haske. Wani likitan jiragen ruwa na Jamus, Bernhard Fischer, ya ma samo irinsu a ruwan tekun yankin Karibiyan da na tekun Baltik. Matsalar ita ce kowa da sunan da yake kiran tasa, ba wanda zai ce ga nau'i nawa ne, ko wacce ce ƴar uwar wacce.

Wahalar aikin a bayyane take. Giwa da ɓauna ido ke bambance su, amma bakteriya a ƙarƙashin madubi ba ta wuce siffar ɗan sanda, ko ɗigo, ko ɗan lanƙwasasshen tsinke ba, kuma sai an jera kusan dubu kafin su kai tsawon milimita ɗaya. Nau'i biyu da ba su da wata dangantaka na iya kama da juna kamar tagwaye.

Beijerinck ya ɗebo ruwa da yashi daga gaɓar Tekun Arewa, ba nisa da Delft. Ya dafa romon kifi da gishiri gwargwadon na teku, wanda lita ɗaya tasa ke ɗauke da kimanin giram 35, ya haɗa da jelatin, abin nan da ke sa romon ƙafar saniya daskarewa idan ya huce. A kan wannan daskararren romo ya shafa ruwan da ya ɗebo, ya shiga ɗaki mai duhu yana neman ɗigon da ke haske. Kowane ɗigo zuriyar ƙwaya ɗaya ce da ta hayayyafa. Sai ya tsince shi ya shuka shi a wani faranti, har ya samu tsantsar nau'i ɗaya ba gauraye.

Daga nan ya shiga gwada halinsu. Wasu suna narkar da jelatin, wasu ba su yi. Wasu sun fi son sanyi, wasu ɗumi. Idan ya ɗora ɗan ƙwayar wani irin sukari a gefen faranti, wani nau'in sai haskensa ya ƙaru, wani kuwa ko gezau. Da irin waɗannan alamomi ya rarrabe su. A 1889 ya tara su a dangi ɗaya da ya kira Photobacterium, wato bakteriya mai haske. Ya bayyana wadda ya samo a Tekun Arewa da sunan Photobacterium luminosum, ya kuma raɗa wa wata Photobacterium fischeri don girmama Fischer. A 1900 ya ƙara bayyana wata, wadda a yau ake kira Vibrio splendidus, kuma masu kiwon kawar teku sun san ta saboda asarar da take jawo musu.

Ba dukan sunayen da ya raɗa ne suka tsira ba. Wasu sun faɗi da aka tsaftace jerin sunayen bakteriya a 1980, wasu kuma an sauya musu dangi. Ita fischeri an mai da ita dangin Vibrio a 1896, sannan a 2007 aka mai da ita Aliivibrio bayan an duba ƙwayoyin gadonta. Amma dangin Photobacterium yana nan, ana ta ƙara masa sababbin nau'o'i daga tekuna dabam-dabam.

Ya kuma lura cewa waɗannan ƙwayoyi ba su haske sai da iskar oksijin, ko da ƴar kaɗan ce. Sai ya mai da su ma'auni. Ya haɗa su da ruwan daƙaƙƙen ɗanyen ganye a cikin kwalba, ya ajiye a duhu har iskar ta ƙare hasken ya mutu. Da ya ƙyasta ashana kusa da kwalbar, ɗan hasken nan ya isa ya sa koren ganyen ya fitar da oksijin, ƙwayoyin suka sake haskawa.

Ƙullutan saiwar wake

Duk manomin da ya taɓa tuge wake ko gyaɗa ya ga ƴan ƙullutai a jikin saiwa. Manoman ƙasar Hausa sun daɗe da sanin cewa gonar da aka yi wake a cikinta takan yi wa gero daɗi, shi ya sa ake haɗa su a kunya ɗaya, kuma an san hatsin gindin gawo ya fi na fili kyau. Dalilin ne ba a sani ba.

A 1886 wasu Jamusawa biyu, Hermann Hellriegel da Hermann Wilfarth, suka nuna cewa tsirran dangin wake masu irin waɗannan ƙullutai suna samun sinadarin azot daga iska. Azot shi ne ƙarfin takin ure da ake saye da tsada, kuma kashi 78 cikin 100 na iskar da muke shaƙa azot ne, sai dai tsiro ba ya iya cin sa kai tsaye. A 1888 Beijerinck, wanda ya riga ya ƙware kan ƙullutan tsirrai, ya zama na farko da ya ciro ƙwayar da ke cikin ƙullutun saiwa ya rene ta ita kaɗai. Ya kira ta Bacillus radicicola, yau kuwa ana kiran danginta Rhizobium. Bai iya nuna tana kama azot a cikin farantinsa ba, domin aikin na haɗin gwiwa ne: tsiro ya ba ta masauki da abinci, ita ta ba shi taki. Ƴan uwan wannan ƙwaya ne ke aiki a saiwar wake da gyaɗa da waken suya da gawo. Wanda ya tsaga ƙullutu ya ga cikinsa jaja-jaja, to ƙwayar tana kan aiki.

Ba kowace ƙwaya abin da take so

A 1895 aka naɗa shi farfesa a makarantar fasaha ta Delft, aka buɗe masa sabon ɗakin bincike a 1897. A nan ya kammala dabarar da ta fi komai ɗaukaka sunansa. Cokali ɗaya na ƙasa yana ɗauke da miliyoyin ƙwayoyi iri-iri, ba yadda za a yi a tsince su ɗaya bayan ɗaya. Shi sai ya shirya abinci da yanayin da nau'in da yake nema kaɗai zai iya jurewa, ya zuba ƙasar ya jira. Wanda yanayin ya dace da shi ya yaɗu, saura su tsaya. Masunci ma haka yake yi, ya san abin da zai sa a ƙugiya idan tarwaɗa yake so. Wani masanin Rasha, Sergei Winogradsky, ya bi irin wannan hanya a lokaci guda, kuma su biyun ake ɗauka a matsayin waɗanda suka kafa ilimin ƙwayoyin muhalli.

Da wannan dabara, a 1895, ya kamo ƙwayar da ke sa hanyoyin ruwan Delft wari da bazara. Tana rayuwa a laka inda babu iska, tana fitar da iskar farar wuta mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, tana kuma baƙanta lakar. Irinta na nan a ƙasan teku, haka nan a gindin tafkuna da kududdufai. Baƙar lakar da ke wari idan aka taka ta a bakin ruwa lokacin da ya ja baya, aikin irin waɗannan ƙwayoyi ne.

A 1901 ya zuba ƴar ƙasar lambu a ruwan da ke da sukari da gishirin fosfat amma babu azot ko kaɗan. Bayan ƴan kwanaki wata yana ta taso a saman ruwan. Ita ce Azotobacter, ƙwayar da ke kama azot daga iska ba tare da ta raɓu da saiwar kowane tsiro ba. A wannan shekara kuma ya raɗa sunan dangin Lactobacillus, ƙwayoyin da ke cikin masu mai da madara nono mai tsami.

Ciwon taba da abin da madubi bai gani ba

Ɗan mutumin da kasuwar taba ta karya shi ne kuma ya bayyana sirrin wani ciwon taba. Ciwon yana sa ganye ya yi dabbare-dabbare ya ƙanƙance. Abokin aikinsa a Wageningen, Adolf Mayer, ya nuna a 1886 cewa ruwan ganye mai ciwo yana harbin mai lafiya. A 1892 Dmitri Ivanovsky na Rasha ya tace ruwan da matacin tangaran mai tare bakteriya, ya tarar har yanzu yana harbi, amma ya ci gaba da zargin wata bakteriya ko gubarta.

A 1898 Beijerinck ya maimaita tacewar, ya ƙara da wasu gwaje-gwaje. Ya nuna abin yana ratsa daskararren abincin ƙwayoyi ya nutsa ciki, abin da bakteriya ba ta yi. Ya nuna ba ya ƙaruwa a kwalba, sai a sashen tsiro mai rai da ke girma, kuma ana iya ɗaukarsa daga tsiro zuwa tsiro ba tare da ƙarfinsa ya ragu ba, alamar yana hayayyafa ne, ba guba ba ce. Ya yanke hukunci cewa wannan wani sabon jinsin mai kawo cuta ne, ya yi amfani da kalmar bairas. Ya ɗauka ruwa ne mai rai, a nan kuwa bai dace ba: a 1935 Wendell Stanley a Amurka ya ware shi a daskare, a 1939 kuma aka ga siffarsa ta sanda da madubin lantarki. Amma ya dace a babban batu, cewa akwai masu cuta da suka fi bakteriya ƙanƙanta, waɗanda ba su hayayyafa sai a cikin mai rai. Ƙyanda da shan-inna da cutar rozet da ta cinye gonakin gyaɗa a ƙasar Hausa a 1975 duk aikin bairas ne.

Halinsa da ƙarshen rayuwarsa

Waɗanda suka yi aiki da shi sun bayyana shi da mutum mai kaifin basira da kaifin harshe. Yana da saurin fushi da ɗalibai, ba ya haƙuri da kuskure, shi ya sa kaɗan ne suka daɗe a hannunsa. Yana ganin aure da bincike ba su haɗuwa, kuma bai ɓoye ɓacin ransa ba idan mataimakinsa ya yi niyyar aure. Ƴan uwansa mata ne suka kula da gidansa. Ɗaya daga cikinsu, Henriëtte, mai zane ce, ita ta zana masa manyan hotunan tsirrai da ƙwayoyi da yake koyarwa da su.

Ya samu lambar Leeuwenhoek a 1905, ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Ingila kuma ta karɓe shi mamba a 1926. Ya yi ritaya a 1921 yana da shekara 70, ya koma Gorssel yana kula da lambunsa har ciwon daji ya yi ajalinsa. Albert Jan Kluyver ne ya gaje shi a Delft, ɗalibin Kluyver kuma, Cornelis van Niel, ya kai dabarun gidan zuwa wata tashar binciken teku a California, inda masana da yawa suka koye su. A 1950 aka raɗa wa wani dangin ƙwayoyin ƙasa masu kama azot suna Beijerinckia.

Inda aikin ya kai a yau

Mililita ɗaya na ruwan saman teku na iya ɗauke da bakteriya kusan miliyan ɗaya, kuma mafi yawansu ba su yarda su tsiro a faranti ba. A 1944 Claude ZoBell da abokin aikinsa a Amurka sun bayyana sababbin nau'o'i 60 na teku. A 1988 aka sanar da gano Prochlorococcus, ƴar mitsitsiyar ƙwaya mai amfani da hasken rana wadda ke cikin manyan masu samar da oksijin a teku. Ita kuwa Pelagibacter, wadda ake ɗauka tana cikin halittun da suka fi yawa a duniya, sai a 2002 aka iya renon ta, bayan an daina cika mata abinci aka ba ta ruwan teku kusan tsurarsa. Darasin Beijerinck ke nan: sai ka san abin da ƙwaya take so kafin ta fito maka.

Yanzu ana rarrabe nau'o'i ta hanyar karanta ƙwayoyin gado, kamar yadda jirgin binciken Faransa mai suna Tara ya yi da ruwan da ya ɗebo a tekunan duniya tsakanin 2009 da 2013. Sai dai bisa ƙa'idar da aka daɗe ana bi, kafin a amince da sabon suna sai an rene ƙwayar, an bayyana halinta, an kuma ajiye ta a rumbunan adana ƙwayoyi na ƙasashe biyu, domin kowa ya iya tabbatarwa.

Ita kuwa fischeri ba ta daina amfani ba. A kanta ne aka gano, a 1970, cewa bakteriya na sakin wani sinadari da suke gane yawansu da shi, ba su kunna haske sai sun taru da yawa. Ana kuma gwada gurɓatar ruwa da ita: a zuba ta a ruwan da ake zargi, idan haskenta ya dushe, akwai guba.

Photobacterium da Aliivibrio da Vibrio duk gida ɗaya ne. A cikin gidan akwai Vibrio cholerae, mai kawo amai da zawo, wadda asalin mazauninta ruwan gaɓar teku ne da bakin koguna, amma takan yaɗu a ko'ina ta ruwan sha da abincin da bayan gida ya gurɓata. A watan Yulin 2018 annobarta ta ɓulla a gundumar Madarumfa, ta kama sama da mutum 3,000 a Nijar kafin a shawo kanta, kuma gundumar ce ta fi jin jiki. Kafin a tabbatar cewa ita ce, sai an kai samfuri ɗakin gwaji irin na cibiyar CERMES da ke Yamai, a zuba shi a ruwan reno mai ɗan gishiri da kaifin kanwa, wanda ita take so sauran ƙwayoyin hanji kuwa ba su jin daɗinsa. Bayan ƴan sa'o'i ta rinjaye su, a iya gane ta. Tushen wannan dabara na komawa ga tunanin da Beijerinck ya shafe rayuwarsa yana ginawa.

Tafkin Madarumfa, da fadamar Gulbin Maraɗi, da gonakin wake na jahar, duk cike suke da ƙwayoyin da ido ba ya gani, wasu masu amfani, wasu masu haɗari. Masu bincike na INRAN da ɗaliban jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi suna da su a ƙofar gida, kuma kayan da Beijerinck ya fara da su ba su wuce kwalba, da faranti, da madubi, da haƙurin jira ba.